Kar Ki Buga Sunana A Kwalbar Zobon Nan Tukuna

Assalamu alaikum warahmatullah.

Zuwa ga uwata ta kaina, Ummi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin sauka lafiya. Allah ya tsare min ke a hanya da masauki, ya rabaki da sharrin mutum da na aljan da na direbobin Birmingham, dan sau biyu na kai fasinja garin nan kuma har yau ban gane ko sunsan amfanin sigina ba. Amin.

Takardar nan a cikin babbar tukunyata zaki sameta, wadda kika dauke min kikace aro ne. Nasan zakice Dad me ya hanaka yin voice note kamar kullum. Voice note ana turawa gaba Ummi, kafin la'asar ya isa Kano. Ki karanta a hankali, in wata kalma ta gagareki ni zaki kira, kar ki tambayi mamanki.

Wallahi tun ranar lahadi jikina bai dawo daidai ba. Muna cin tuwon rana, ina kai loma baki kikace, Dad na aje aiki. Nace wane aikin? Kikace na lab. Aikin da na zagaye rank din taksi gaba daya da hotonki cikin farar riga, har fasinjan da bai tambaya ba sai ya gani kafin na bashi canji. Nace to wani lab din ne ya kiraki? Kikace a'a, zobo zan koma yi, mun kama hayar unit, dan wajen da zamu rika hadawa, a Birmingham. Zobo! Digiri sukutum a kemistri, zobo. Shekara uku kina cika min shed, dan dakin ajiyata, da jarkoki da kwalabe ina cewa wasan wikend ne, ashe sana'a kike shiryawa a bayan gidana. Mamanki ta aje cokali ta dubi silin. Ni kuma na dubi mamanki dan nasan a kaina laifin zai kare, kuma a kaina ya kare.

Ban gama farfadowa ba kika juyo min da waya kikace, Dad kalli. Kwalba ce ja, da zanen hulata a jiki, an rubuta ZOBON BABA GARBA. To nan kam kaina ya kumbura, bazan boye ba. Nace ai dole, wa ya kawo zobo unguwarmu Gorton a nan Manchester in ba ni ba? Kafin nazo mutanen nan shayi mara siga suke sha suna bacin rai. Har na fara tunanin irin rigar da zan saka in yan jarida sunzo.

Sai nace ke da wa zakuyi? Kikace da Memuna kawarki ta uni, a gidansu zaki sauka a unguwar Perry Barr kafin ki samu flat. Kikace babanta ma yace ya sanni, da a Manchester suke, Malam Isiyaku mai taksi, dan Kumasi. Kinga na mike na shiga bayi na dade a ciki, mamanki tace yaji ne yayi yawa. Ba yaji bane.

Dan haka ga abinda nake roko. Kince ranar litinin zaki tura hoton kwalbar wajen masu buga lebul. Kar ki tura. Ki jirani zuwa juma'a. Sunan nan da kike so ki manna a kwalba akwai datti a jikinsa wanda baki sani ba, kuma a gidan da kika sauka dattin yake. Zan fada miki komai, amma bari na fara da kananan shirmena dan na samu karfin gwiwa.

Kina yar karama lokacin da muka biyo mamanki kasar nan tazo karatu. Ita tana uni ni ina wani warehouse ina daga kaya. Sai na fara yin zobo ina kaiwa masallaci ranar juma'a. Ummi layi ake yi. Wani dan Sakkwato ya sha yayi kuka yace ya tuna kakarsa. Sati hudu ana yabona sai naji warehouse yayi min kadan. Na shiga ofis din manaja na cire rigar nan mai kyalli na jefa masa a tebur nace, rike abinka, badi warhaka kai zaka zo neman aiki wajena. Na fito ina tafiyar gwamna. Abinda ban lissafa ba shine sanyi. Da winta ta shigo ko kyauta ka mikawa mutum zobo mai kankara sai ya dubeka kamar ka zagi ubansa. Wata biyu na koma ofis din da hula a hannu. Baturen bai ko dago kai ba yace, how is the empire, Gaba? Ya maidani aiki amma har na bar wajen Empire, wato daula, suke kirana.

To ke na tambayeki, ya kika rabu da mutanen lab? Kikace lafiya lau, kin basu notis. Bai isa ba. In kin fara fitar da kaya ki dauki katan guda ki kai musu da kanki ki gaisa da kowa har mai shara. Kuma tun yanzu ki zauna da Memuna kuyi tunanin abinda zaku sayar in sanyi yazo. Citta mai zafi da kanumfari, wannan shawara ce ta kyauta daga kwararre.

Na biyu maganar kansil. Ina sayarwa a but din mota, cikin gororin lemo da nake tarawa na wanke a bahon wanka, eh bahon da kike wanka a ciki, kar ki bata fuska kin rayu. Ran nan wata mata tazo da allo a hannu da kati a wuya. Tace me ke ciki? Nace madam sirri ne, ko matata bata sani ba. Tace ina takardar haijin? Na nuna mata laisin din tuki. Tace yaushe yake lalacewa? Nayi dariya nace madam a garinku abu yana lalacewa? Ai kasar gaba daya firij ce. Matar nan batayi dariya ba. A gabana aka bude gororin daya bayan daya aka tsiyaye a kwata, titi yayi jajir har wata tsohuwa ta tsaya tana tambaya wa aka yanka. Gaskiyarta ce Ummi, ni ne banda gaskiya. Duk takardar da sukace ki nema ki nemo, in sunzo dubawa ki bude musu har karkashin sink, kuma kar kiyi musu barkwanci. Ba kowa Allah ya bawa baiwar gane barkwancina ba balle naki da bai kai nawa ba.

Kinji nace kasar nan firij ce. Da gaske na yarda da hakan, kuma shi ya kaini ga abinda nake ta zagayewa.

Lokacin da mamanki ta gama PhD muka shirya walima, muka kama hol ranar asabar bayan azahar. Na riga na koma taksi, satin kuma aiki ya min yawa, sai nace bari nayi zobon maza tun litinin na huta. Jarka hudu manya. Na zuba siga ba tausayi, citta, kanumfari, da bawon abarba mai yawa dan kamshi. Firij ya cika da naman walima. A Kano in kana so abu yayi sanyi inuwa kake nema masa, inda ake aje randa. Sai na zagaya gida ina neman inuwa, na samu dan kabad din nan na sama inda muke aje tawul. Duhu ne a ciki, rana bata shiga. Na jera jarkokin na rufe. Ban tsaya na tambayi kaina me yasa tawul yake bushewa a wajen ba. Boila ce a ciki Ummi, tankin nan mai dumama ruwan gida. Kwana biyar zobona yana kwance jikin boila.

Ranar walima na murda murfin farko sai naji fssss, kumfa ta taso. Wani mai hankali da ya tsorata. Ni kuwa na daga murya nace jama'a kuzo ku gani, zobona ya kai matsayin da yake yin gas da kansa ba inji! Aka tafa min. Mata da yara nasu daban ne, kawar mamanki tayi da safe, Allah ya rufa asiri ta nan. Maza kuwa suka sa kofi. A dakin nan akwai masu PhD da masu neman PhD, akwai likita, akwai injiniya, amma babu mutum daya da ya taba sa giya a bakinsa balle ya gane ta in ta zo masa cikin rigar zobo. Citta da kanumfari sun rufe komai. Ni ko kurba banyi ba, ina ta rabo ina karbar yabo.

Alhaji Danjuma, kinsanshi, mutumin da tunda nake ban taba ganin hakorinsa ba, sai gashi yana bada labarin yadda akuya ta koreshi yana yaro yana dariya har da buga cinya. Wani dalibi ya mike zaiyi godiya ta minti daya ya kare da kuka yana cewa supervisor dinsa uba ne. Nace a raina kai, walimar nan tayi albarka.

Malam Isiyaku shine ladanin masallacinmu a lokacin. Muryarsa in ya kira sallah har turawan makota suna bude taga. Shi ya kwaso kujerun hol din nan shi kadai tun safe, kishirwa ta kamashi. Ya sha kofi ya miko, su a can sobolo suke kiran zobo, yace, Garba, sobolon nga naka ko a Kumasi babu irinshi, kara mini. Na kara. Ya sake mikowa na sake karawa. Kofi hudu manya da hannuna, ina cewa sha malam, kai ka san daraja.

Bayan la'asar ya fita aiki. Bai yi nisa ba ya goga motar a jikin wani karfe na bakin titi, madubi ya karye. Yan sanda suna kusa, suka bashi abin nan na awon giya ya hura. Ya nuna akwai wani abu. Bai kai wanda doka ta hana ba, suka sallameshi, amma dan sandan ya fada da karfi, you've had a drink mate, kuma direbobinmu biyu suna tsaye a wajen. Kafin magariba babu gidan bahaushe a Manchester da labarin bai shiga ba. Ladan yana shan giya.

Washegari da safe ina shan shayi naji wani kara a sama kamar taya ta fashe. Na haura. Sauran rabin jarka da na maida kabad ce ta tsage. Ina bude kofar warin ya bugeni, na tsaya kamar an dasa ni. Ni direban taksi ne Ummi, ni nake wanke kujerar baya in fasinjan wikend sun sauka. Nasan warin nan. Na zauna a matakala ina innalillahi. Na kwashe tawul din na zuba a bin na waje, na goge ko ina, nace da mamanki boila ce ta zubo da tsatsa. Har mai gyara na kira yazo ya duba lafiyayyar boila.

Da a nan na tsaya na tafi masallaci na fada, da yanzu labarin dariya ne muke bayarwa da sallah. Wanda ya sha bai sani ba babu laifi a kansa, kowane malami zai gaya miki. Amma ni Sarkin Zobo ake ce min. Na hango ana cewa Garba ya shayar da masallaci guda giya a walimar matarsa, na hango fuskar mamanki, sai na kama bakina.

Kwamitin masallaci suka zauna, aka kira mu da muke wajen walima. Malam Isiyaku ya dauki Alkur'ani yace tunda uwarsa ta haifeshi bai taba ba. Sai ya juyo ya dubeni yace, Garba kai kana wurin, me na sha ranar nan in ba sobolonka ba? Kowa ya juyo yana jirana. Kinsan abinda ubanki yace? Nayi murmushi nace, malam ai kowa ya sha zobona, ya akayi kai kadai injin ya kama? Aka fashe da dariya. Duk barkwancin da nayi a duniya babu wanda ya karbu kamar wannan, kuma dashi na kashe bawan Allah a tsaye. Akace ya dan huta da kiran sallah zuwa wani lokaci. Lokacin bai zo ba. Mutane suka daina shiga motarsa, aka daina kiran matarsa suna da biki. Shekara bata zagayo ba ya kwashe iyalinsa ya koma Birmingham. Kafin ya tafi har gida yazo min sallama, ya rike hannuna yace in ya taba min laifi na yafe masa. Nace ba komai malam, Allah ya kiyaye hanya.

Tun ranar ban sake sayar da zobo ba. Nace muku ciwon baya ne. Bayana lafiyarsa kalau, ko yanzu zan daga firij.

Shekara goma sha wani abu ina cewa gobe zan kirashi. Yanzu gashi Allah ya dauki yata ya kaita dakin gidansa, matarsa tana zuba mata abinci, yarsa tana shirin sayar da kwalba da sunana a jiki. Ummi ta ina zan iya?

To ki saurari shawarar da tafi duk sauran. Ranar lahadi naji kince da gangan kike sa yis irin na burodi dan yayi gas, wai kina tsayar dashi kafin ya zama wani abu. Da nace miki a'a kikace, Dad relax, it's science. Ni ban hanaki ba, kin fini karatu, amma abin nan baya sallama in zai juya. Gilashin nan mai kama da na auna zazzabi da kike jefawa a ciki, ki jefa shi a kowace tukunya, ko kina sauri ko mai shago yana waya. Ki rika kai samfur ana auna miki a waje, kar ki zama ke ce mai yi ke ce mai shaida. Ki dafa kwalaben bayan kin rufe kamar yadda kika nuna min. In da hali ma ki sayi gas na silinda irin na masu lemo ki huta. Ki dauki takardar awon ki kaiwa malamin da ya san abinda yake yi ya duba miki. Kar ki yarda da harshenki, kar kuma ki yarda da masu cewa yau yafi na jiya dadi, ranar da aka fi yabona itace ranar. In kuma wata rana ya kubuce miki ya fita kasuwa, a ranar zaki fada, da bakinki, kafin wani ya dauki laifin. Ki bi shago shago ki karbo kayanki. Kunyar kwana biyu ce.

Ga abinda na shirya. Ranar juma'a zan taho nayi sallah a masallacinsu. Na kira Alhaji Danjuma da Dakta Bashir, su biyun ne suka rage a garin nan cikin yan kwamitin, nace musu suzo muje dandana zobon yata. Sun yarda, Alhaji har yana tambaya ko irin na walima ne. A gabansu aka yi dariyar, a gabansu zan fada. Mamanki zata zauna a gaba. Ita zan gaya mata ne in mun hau babban titin motorway, inda ba zata iya bude kofa ta fita ba.

Ke abinda zakiyi kadan ne. Ki cewa Malam Isiyaku Garba yana gaisheshi, yana neman izinin zuwa gidansa bayan juma'a da baki. Kar ki kara komai, kar ki gayawa Memuna, maganar daga bakina ya kamata ta fito. In ya yafe min, ki buga sunana manya manya yadda za a hango daga tsallaken titi. In bai yafe ba ki cire shi da hular gaba daya, ki sa naki da na Memuna. In kuma abin ya kai yace ki bar masa gida, ko Memuna tace ta fasa, ki tattara kayanki ba gardama ki gode musu. Nasan zan iya rushe miki abinda kika shekara uku kina ginawa tun kafin ki sayar da kwalba daya. Ki yafe min wannan tun yanzu. Amma bazan bari ki ci abincin mutumin nan kina kiransa Baba alhali ni nasan abinda na sani ba.

Albarka kuwa na sa miki, babu sharadi. Zobonki yafi nawa, na fada, kuma in kika gayawa wani zan musanta. Allah ya sa albarka a hannunki da tukunyarki, ya tsare miki ita daga abinda ya samu tawa. Allah ya hadaki da masu gaskiya, ya baki bakin fadarta in ta zo kanki. Ya tsareki fita da shiga, ya kaimu juma'a da rai da lafiya. Ki rike sallah, ki sa rigar sanyi, ki gaida Memuna da mamanta.

Ummi ni da na tsaya gaban yan sanda da kansil da surukai ban taba jin tsoro ba, yau ina ji. In mun shigo falon ki tsaya kusa da kofa inda zan rika ganinki.

Wassalam.

Babanki,
Garba